Yadda Ake Zaɓen Ƙwayar Bitamin Tun Kafin a Samu Juna Biyu

Duk wadda ta yi aiki a ɗakin awo ta san yadda mata suke zuwar mana. Mafi yawa sai ciki ya kai wata biyar ko shida, ya fito fili, sannan a zo yankar kati. Wasu kuma su zo da leda cike da kwalaye da kwalabe da maigida ya sayo a kemis, na ruwa da na ƙwaya, kowanne da hoton mai ciki a jikinsa, a ce mana ai tana shan magani. Idan aka juya bayan kwalayen aka karanta, sai a tarar abin da jikinta ya fi buƙata babu shi, ko kuma akwai shi amma kaɗan, abin da ya kamata ta guje wa kuwa ta sha shi ninki biyu saboda kwali biyu suna ɗauke da shi. Kuɗi sun fita, amfani bai samu ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muke faɗa wa mata baki da baki, don mai niyyar ɗaukar ciki ta san abin da za ta nema da lokacin da za ta fara.

Abin da za ki tanada

Ba kaya ne masu yawa ba. Ki riƙa rubuta ranar da jinin al'adarki ya zo, a kalanda ko a waya. Ki tattara duk magungunan da kike sha yanzu, har da na gargajiya da kayan mata da shayin rage ƙiba, ki sa su a leda ɗaya don ki nuna wa likita. Ki nemi sakamakon gwajin yawan jini da na rukunin jinin da ke nuna sikila, idan an taɓa yi miki. Ki tuno tarihin cikin da kika yi a baya da na danginku. Sannan ki samu wanda zai iya karanta miki bayan kwali idan Turanci ko Faransanci na ba ki wahala, domin duk aikin nan a kan lambobin bayan kwali yake.

Mataki na 1: Ki fara tun babu cikin

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Ƙwaƙwalwar jariri da lakar bayansa suna farawa ne a matsayin wani siririn faifai da yake naɗewa ya zama bututu. Bututun nan yana gama rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, wato kamar mako biyu bayan ranar da mace ta sa ran ganin al'ada ba ta gani ba. A lokacin ɗan tayin bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, uwar ma tana cikin kokwanto, ko ɓatan wata ne ko jinkiri ne. Idan jikinta ba shi da isasshen bitamin ɗin da ake kira folik asid a waɗannan kwanaki, bututun yana iya ƙin rufewa. Idan ta ƙasa ne bai rufe ba, sai a haifi yaro da wani ƙullutu kamar jaka a gadon baya, sau da yawa ƙafafunsa ba sa motsi, ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida, wani kuma kansa ya riƙa girma saboda taruwar ruwa. Idan ta sama ne, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa cika, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa. Na sha jin ana cewa iska ce ta taɓa uwar, ko ta tsallaka wani abu. Ba ta tsallaka komai ba, kuma ba laifinta ba ne, babu wanda ya gaya mata.

Abin da ya sa muke magana da ƙarfin gwiwa shi ne an gwada an gani. A 1991 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a kan matan da suka taɓa yin ciki mai wannan tawaya. Waɗanda aka ba folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, maimaituwar matsalar ta ragu musu da kashi 72 cikin 100. A 1992 wani binciken a ƙasar Hungari ya nuna cewa yana kare har matan da ba su taɓa fuskantar matsalar ba. Saboda haka ne tun 1998 Amurka ta wajabta zuba folik asid a garin fulawa da makamantansa. Mu kuwa dawa da gero da masarar da muke kai wa inji a unguwa babu abin da ake ƙara musu. Zogale da alayyahu da wake da gyaɗa suna da wannan sinadari, amma doguwar dahuwar da muke yi wa miya tana kashe mai yawa daga cikinsa. Ki ci su, suna da amfani, sai dai ba za su maye gurbin ƙwayar ba.

To yaushe za a fara? Aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki, wata uku ya fi, domin sai an yi makonni ana sha kullum kafin ya taru a jini ya kai yadda zai yi kariya. Idan kina tazarar haihuwa, ki fara sha kafin ki je a cire miki robar hannu ko ta mahaifa, ko kafin ki ajiye ƙwayar tazarar. Idan kuwa kina da aure kuma ba kya amfani da komai, to ki ɗauki kanki a matsayin mai shirin ciki, ko da kina goyo. Mai kwanika ma ta fi kowa buƙata, don jikinta bai gama mayar da abin da cikin baya ya kwashe ba. Wadda ta riga ta gano tana da ciki ba ta fara ba, ta fara yau, kar ta tsaya jiran ranar awo.

Mataki na 2: Ki ga ma'aikacin lafiya kafin ki ga mai kemis

Ba kowace mace ce awo ɗaya ya ishe ta ba, kuma mai kemis ba zai tambaye ki tarihinki ba. Yawancin mata maikurogiram 400 na folik asid suke buƙata a rana. Amma akwai waɗanda likita zai rubuta wa miligiram 4 ko 5, wato ninki goma ko fiye: wadda ta taɓa yin ciki ko haihuwar yaro mai wannan tawaya ta baya ko ta kai, wadda ita ko mijinta suke da ita, mai ciwon suga, mai sikila, mai shan wasu magungunan farfaɗiya, sau da yawa har da mai ƙiba sosai.

Mai farfaɗiya tana buƙatar kulawa ta daban. Maganin da ake kira valproate yana cikin waɗanda suka fi jawo wannan tawaya, carbamazepine ma yana da nasa haɗarin. Amma kada ki kuskura ki daina da kanki don kin karanta wannan, faɗuwa da ciki haɗari ce gare ki da abin da ke cikinki. Ki je wurin likitan da yake duba ki tun kafin ciki, ki gaya masa niyyarki, shi ya san yadda zai sauya miki a hankali. Haka mai hawan jini da mai suga, akwai magungunansu da ake sauyawa kafin ciki.

A wannan zuwan a gwada miki yawan jini. Ga mai ciki, idan himogulobin ya gaza 11, ko kuma awon da muke kira PCV ya gaza 33, akwai ƙarancin jini. Idan tun yanzu jininki ya yi ƙasa, gyara shi kafin ciki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mai sikila kuma ta kiyaye: ƙarancin jininta ba lallai na rashin ayon, wato sinadarin ƙarin jini, ba ne, musamman idan an sha yi mata ƙarin jini, ayon yana iya yi mata yawa a jiki. Ba ta shan ayon sai gwaji ya nuna tana buƙata.

Mataki na 3: Ki nemi folik asid a bayan kwali, ki karanta lambarsa

Ki manta da gaban kwali. Ki juya baya ko gefe, inda aka jera sinadarai da lambobi. Ki nemi layin da aka rubuta folic acid, ko acide folique a kwalayen ƙasashen Faransanci. Abin da kike so ki gani shi ne 400 mcg, ko 400 µg, ko 0.4 mg. Duk ukun abu ɗaya ne, don miligiram ɗaya maikurogiram dubu ne. Idan kin ga 600 ko 800 babu laifi. Idan kin ga 100 ko 200, wannan bitamin ne na kowa da kowa, bai isa ba. Sannan ki duba saman jerin, ko lambobin na ƙwaya ɗaya ne ko na ƙwaya biyu. Akwai kamfanonin da suke rubuta na biyu, mace ta yi ta shan ɗaya tana samun rabi.

Wasu kwalaye masu tsada da ake kawowa daga waje suna tallar wani nau'i da ake kira methylfolate, suna cewa ya fi. Gwaje-gwajen da suka tabbatar da kariya da folik asid na yau da kullum aka yi su. Ba sai kin kashe kuɗi a kan sabon suna ba.

Yanzu ga wata matsala tamu ta nan. 'Yar ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ake samu a kusan kowane kemis a Nijeriya, wadda kowa ya sani da folik asid, galibi ta miligiram 5 ce. Ba guba ba ce, kuma idan ita kaɗai ake samu a garinku, shan ta kafin ciki da farkonsa ya fi zama haka. Amma daga shiga wata na huɗu ana fara ba masu ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyi ukun nan na SP da aka fi sani da Fansidar, ana maimaitawa da tazarar aƙalla wata ɗaya. Wannan magani yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar amfani da irin wannan sinadari, don haka miligiram 5 a kullum yana rage masa ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haɗa su, ta ce 0.4 mg ba ya hana shi aiki. Saboda haka idan lokacin Fansidar ya zo, ki nuna wa ungozoma ƙwayar da kike sha. Wadda likita ya ɗora a kan miligiram 5 saboda sikila ko wani dalili, shi zai tsara mata yadda za a yi.

Mataki na 4: Ayon, wato maganin ƙarin jini

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a cikin masu juna biyu kuwa kashi 61 ne. Ke nan mafi yawanmu da rijiyar da ruwanta ya ja baya muke shiga ciki, alhali ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, kuma yana cin ayon kusan miligiram 1,000 daga farkonsa zuwa haihuwa. Mai ƙarancin jini ita ce za ki ga tana haki idan ta ɗan yi tafiya, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, tana jiri, wata kuma ta kama cin farar ƙasa ko ƙanƙara ba ƙaƙƙautawa. Tana cikin haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Abin da ya fi tsorata mu shi ne ranar haihuwa: jinin da mai ƙoshin lafiya za ta zubar ta tashi, mai ƙarancin jini yana iya tafiya da ita.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce kowace mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 a rana tare da folik asid maikurogiram 400, kuma a ƙasashen da ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin 100 na masu ciki an fi son 60. Wadda gwaji ya nuna ta riga ta kamu, akan ɗaga mata zuwa 120 har jinin ya dawo daidai, amma wannan aikin asibiti ne.

A nan ne lambobi suke ruɗa mutane. Nauyin da aka rubuta a gaban sunan maganin ba shi ne nauyin ayon ɗin ba. Ƙwayar ferrous sulphate ta 200 mg, irin wadda aka saba bayarwa a awo, tana da ayon kamar miligiram 60 zuwa 65. Ferrous fumarate 180 mg yana ba da kamar 60. Ferrous gluconate 300 mg kuwa kamar 35 ne kawai a cikinsa. Ki nemi inda aka rubuta elemental iron, ko kuma equivalent to, lambar da ke biye ita ce ta gaskiya. Idan ba a rubuta ba, ki tambayi mai haɗa magunguna.

Maganin ƙarin jini na ruwa ya shiga ran mutanenmu, don yana da zaƙi kuma launinsa ja ne. Akwai masu kyau a cikinsu, amma da yawa ayon ɗin da ke cikin cokali ɗaya kaɗan ne, folik asid ɗin ma haka, wasu kuma da barasa a cikin haɗinsu. Kwalba tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki, kuma ta fi ƙwaya tsada. Su kuma masu kama da alewar taunawa, yawancinsu babu ayon ko kaɗan. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai ƙarancin jini ƙarfi yake sawa na ɗan lokaci saboda suga, ba ya ƙara jini, madarar ma tana rage shigar ayon.

Mataki na 5: Ki duba bitamin A, don yawansa yana cutarwa

Bitamin A iri biyu ne a kwali. Wanda aka rubuta beta-carotene, irin na karas da manja da mangwaro, jiki yana ɗaukar abin da yake so ya bar saura. Wanda aka rubuta retinol ko retinyl kuwa taruwa yake yi, kuma idan ya wuce 10,000 IU a rana a farkon ciki yana iya jawo tawaya a fuska da zuciya da ƙwaƙwalwar jariri. Ƙwayar masu ciki ta kirki ba ta kusantar wannan adadi. Haɗarin yana zuwa ne idan aka tara: ga ta masu ciki, ga wani bitamin na ƙara kuzari, ga man hantar kifi da ake sayarwa da sunan cod liver oil. Ƙa'idata ita ce ƙwayar haɗin bitamin guda ɗaya tak, ba a shan biyu tare.

Ƙwayoyin bitamin A masu taushi, ja da shuɗi, da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi, ja 200,000 IU ne, shuɗi 100,000. Ba na mai ciki ba ne, ba na mai neman ciki ba ne. Hanta kuma, da ake cusa wa mai ƙarancin jini, cike take da retinol. Ɗan yanki jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne, amma kar a mai da ita abincin kullum a watanni ukun farko. Mai shan isotretinoin don ƙurajen fuska ta sani cewa ba a ɗaukar ciki a kansa sam, sai ta ga likitanta tukuna.

Mataki na 6: Sauran sinadaran

Aidin yana gina ƙwaƙwalwar yaro, rashinsa kuma shi ke kawo maƙoƙo. Mai ciki tana buƙatar maikurogiram 250 a rana idan aka haɗa abinci da ƙwaya, don haka ƙwayar da take da 150 ta yi. Ki sayi gishirin leda mai aidin ki rufe shi, na buɗaɗɗen kwano da ya wuni a rana aidin ɗinsa yana gudu. Mai ciwon maƙoƙo ta tambayi likita tukuna.

Kalsiyam yana rage haɗarin hawan jinin masu ciki da jijjiga a wuraren da ba a samun shi sosai a abinci, kuma adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, giram 1.5 zuwa 2 a rana, babu ƙwayar haɗi da za ta iya ɗaukarsa. Ƙwaya ce daban da za a ba ki a awo, ana raba ta kashi-kashi a wuni. Kar ganin kalsiyam 100 ko 200 a kwali ya sa ki zaci an gama. Bitamin D daga hasken rana fata take samar da shi, don haka wadda ba ta cika fita tsakar gida ba ta zaɓi ƙwaya mai 400 IU. Man kifi na DHA yana da amfani ga wadda ba ta cin kifi, amma idan kuɗi sun yi kaɗan, shi za a fara ajiyewa.

Akwai kuma haɗin da ake kira MMS, wanda UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara awonsa a 1999. Sinadarai 15 ne a ƙwaya ɗaya, ciki har da ayon miligiram 30, folik asid 400 da aidin 150. A 2021 hukumar ta sa shi a jerin muhimman magunguna, kuma an fara raba shi a wasu asibitocin gwamnati. Idan ana bayarwa a naku, ki karɓa, ya wadatar, kar ki ƙara masa wani haɗin bitamin daga kemis. Idan babu, ayon da folik asid na asibiti sun yi aikin da ya fi muhimmanci. A ganina tsadar kwali ba ta taɓa zama shaidar ingancinsa ba.

Mataki na 7: Inda za ki saya

Asibiti ko kantin magani mai rajista. Ban da mai talla a tire ko a baro, ban da na cikin mota a tasha, domin ko maganin na gaske ne, zafin rana ya riga ya dafa shi. Ki duba lambar rajistar NAFDAC idan a Nijeriya kike, ko ta hukumar magunguna ta ƙasarku, da ranar ƙarewar aiki, ki tabbatar hatimin kwalbar bai ɓalle ba. Idan akwai wurin kankarewa a kwalin, ki kankare ki tura lambar ta waya. Ki guji ƙwayoyin da ake ƙirgowa daga babban gwangwani a ƙulla a farar leda babu suna babu kwanan wata, sai fa idan a asibiti aka ba ki aka rubuta a jiki. Lambar rajista tana nuna an san maganin ne kawai, ba ta nuna ya dace da mai ciki, karatun bayan kwali yana nan a wuyanki. Wadda take da damuwa a kan ɓawon ƙwayoyi masu taushi, wanda ake yi da jelatin na dabba, ta duba ko an faɗi tushensa, ko ta zaɓi ƙwaya mai tauri.

Maigida, tunda galibi kai ne mai zuwa sayowa, ka tafi da takardar asibiti ko tsohon kwalin. Idan aka ce babu amma ga wanda ya fi shi, ka gwada lambobin biyu da idonka kafin ka biya.

Mataki na 8: Yadda ake sha har a ɗore

Ƙwayar da ta fi kowacce kyau ita ce wadda za ki iya sha kullum. Ki ɗaura ta da wani abu da ba kya mantawa, kamar bayan sallar isha'i. Ki sha da ruwa, idan da hali ki bi da lemon zaƙi ko gwaiba, don bitamin C yana taimaka wa ayon shiga jiki. Shayi da kofi da goro suna hana shi shiga, haka madara da fura da nono da ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi. Ki bar tazarar kamar awa biyu tsakaninsu. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗiye ƙwayar da kofin shayi mai madara da safe. A watan azumi, mai shirin ciki ta sha da sahur ko kafin barci, nesa da shayin buɗa baki. Idan kin manta jiya, ki sha ta yau kawai, ba a ninkawa.

Ayon yana mai da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Yana iya sa shi tauri, sai a ƙara ruwa da ganye da gwanda. Yana kuma tayar da zuciya, musamman ga mai laulayi. Idan haka ta faru ki mai da shi dare, bayan kin ɗan ci abinci. Idan duk da haka amai ya ƙi tsayawa, kada ki watsar da komai gaba ɗaya: ki ci gaba da folik asid shi kaɗai, ƙaramar ƙwaya ce da ba ta tayar da zuciya, ki gaya wa ungozoma, a dawo da ayon idan laulayi ya lafa ko a sauya miki wani nau'i. A makonnin farko folik asid ne ba a wasa da shi, buƙatar ayon daga tsakiyar ciki take tsananta.

Ki ajiye kwalbar a wuri mai sanyi da bushewa, sama, inda hannun yaro ba ya kai. Ƙwayoyin ayon ja ne ko masu sheƙi kamar alewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro. Idan yaro ya haɗiye su, a garzaya asibiti da shi tare da kwalbar nan take, ko da ya yi amai ya koma wasa, domin gubar takan lafa na wasu awanni sannan ta kama hanta.

Akwai maganar da take yawo cewa maganin awo yana sa jariri ya yi ƙato har sai an yi tiyata. Na san mata da yawa da suke karɓar ƙwayoyin su zuba a ƙarƙashin katifa saboda wannan tsoro, wasu ma surukai ne suke hana su. Ayon da folik asid ba sa ƙara wa jariri girman da ya wuce ƙa'ida, abin da suke yi shi ne rage haihuwar wanda bai kai nauyi ba. Ƙaton jariri an fi samunsa wurin mai ciwon suga da ba a kula da shi ba, kuma a awo ake gano wannan. Ki kuma tuna ƙwaya ba za ta cika jinin da sauro da tsutsar ciki suke zuƙewa ba, don haka gidan sauro da maganin tsutsa da ake bayarwa bayan wata uku suna cikin aikin. Bayan haihuwa ma a ci gaba da sha na mako shida zuwa wata uku, kada a tsaya ranar suna.

Kirana na ƙarshe ga iyaye mata ne da gwaggonni da yayye masu shirya amarya. Ana ɗaukar makonni ana gyaran jiki, ana dilka da turare da tsumi, kuma kowa yana addu'ar a ga rabo da wuri. Amarya da yawa a watanninta na farko take samun ciki, kunyar ɗan fari kuma ta hana ta faɗa sai ya tsufa. Tun ran gini tun ran zane. Don Allah, ranar da aka sa rana, a kai ta a gwada jininta, a saya mata folik asid maikurogiram 400, a gaya mata dalilinsa, ta fara sha tun tana gidan iyayenta.